Dokar hana wariya a wajen aiki da tsarin kwota: amsar da na ba ƙannena

Da na je gida hutun Sallah can ƙauyenmu a ƙasar Ringim, ƙannena biyu da suka gama sakandare suka tsare ni a tsakar gida bayan isha'i. Macen karatun lauya take so, namijin kuwa haushi ne fal cikinsa, don babban yayanmu shekararsa huɗu da gama digiri har yau noman riɗi yake ba aiki. Ni na karanta wannan fannin a jami'a kuma ina ƙaunarsa har raina, to ga abin da suka tambaya da abin da na ce masu, na san akwai irinsu da yawa.

Yaya, wai akwai kwas na musamman ne a kan wariya a wajen aiki?

Ba digiri ba ne mai zaman kansa a nan ƙasar. Digirin lauya za ki yi, shekara 5 a jami'a kamar Bayero ko ABU Zariya, sai shekara ɗaya a makarantar horas da lauyoyi, reshenta ɗaya ma yana nan kusa da mu a Bagauda. Maganar wariya ta ƙofa biyu za ta zo miki, darasin tsarin mulki wanda dole ne kowa ya yi, da darasin dokar ƙwadago wanda yawanci zaɓi ne, kuma wallahi ɗalibai da yawa tsallake shi suke saboda sun ɗauka ba kuɗi a ciki, alhali duk wanda zai karɓi albashi a rayuwarsa ƙarƙashin wannan dokar yake. In kina son ƙwarewa sosai sai a digiri na biyu.

To me doka take kira wariya? Ai kowa na iya cewa an nuna masa bambanci.

Haka ne, shi ya sa doka ta lissafo. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a tauye ɗan ƙasa ko a fifita shi ba saboda al'ummar da ya fito, ko ƙabila, ko garinsu na asali, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa. Ya ƙara da cewa ba za a tauye mutum ba don yanayin haihuwarsa. Kenan in an ƙi ɗaukarka don ka faɗi jarrabawa wannan ba wariya ba ce, amma in ka ci aka ce ai kai ɗan ƙauyen kaza ne ko ke mace ce, to an shigo gonar doka.

Sai dai akwai gyara a nan, kuma shi ne abin da lakcara zai daɗe a kai. Lafazin sashen ya fi karkata ga dokoki da ayyukan gwamnati, to yaya batun kamfani mai zaman kansa? Gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2010 shi ya buɗe hanya, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar wariya da cin zarafin mata a wajen aiki, ya kuma ba ta damar aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su, irin yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya wadda muka amince da ita a 2002. Kotun tana da reshe a Kano.

Me ya sa nake jin ana ta karanta shari'o'in Amurka? Ina ruwanmu da su?

Don can aka fi gwabza wannan rigimar a kotu saboda tarihin baƙar fata, kuma dabarun tunanin da suka fito daga can suna amfani ko'ina. Dokarsu ta ƴancin jama'a ta 1964 ita ta haramta wa mai ɗaukar aiki bambanta mutane saboda launin fata, addini, jinsi ko asalin ƙasa. Shari'ar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta Griggs da kamfanin wuta na Duke a 1971. Kamfanin bai ce ba ya son baƙaƙe ba, cewa kawai ya yi sai mai takardar sakandare ko wanda ya ci wata jarrabawa zai samu guraben da suka fi albashi, alhali an daɗe ana tauye baƙaƙe a karatu kuma aikin ma ba ya buƙatar takardar. Kotun ƙoli ta ce sharaɗin da yake kama da adalci a takarda amma yana zubar da wasu mutane ba tare da aikin ya buƙace shi ba, shi ma wariya ne. Ranar da aka koya mana wannan ƙauyenmu kawai na tuna, tallar aiki a intanet kaɗai a rufe cikin ƴan kwanaki, jarrabawa a kwamfuta, ga yaron da sai ya hau tudu yake samun sabis. Ban ce kotunmu za ta soke wannan ba, amma karatun ya sa na fara ganin abin da da nake ɗauka ƙaddara ce kawai.

Akwai kuma ta 2015, wata budurwa Musulma da shagon tufafi na Abercrombie ya ƙi ɗauka saboda ɗankwalinta, kotun ƙoli ta ba ta gaskiya. Mu ma nan gida kin tuna Firdausa Amasa da aka hana rantsarwa a matsayin lauya a 2017 saboda hijabi, sai a 2018 aka rantsar da ita da hijabinta.

To Yaya, in an hana fifita wani, ai kwota ma wariya ce ko?

Nan ne ake raba gari a aji, har murya na tashi. Abin da ake nufi shi ne a ɗan ɗaga wa waɗanda tarihi ya bari a baya ƙafa, a kujerar makaranta ko gurbin aiki. A Najeriya tsarin raba daidai ya shiga kundin tsarin mulki a 1979, yanzu yana sashe na 14, kuma an kafa Hukumar Raba Daidai a 1996. Ƙa'idarta ita ce a guraben gwamnatin tarayya kowace jiha kada ta gaza kashi 2.5 kada ta wuce kashi 3 cikin ɗari. A shiga jami'o'in tarayya kuma kashi 45 na waɗanda suka fi maki ne, 35 na jihohin yankin jami'ar, 20 na jihohin da ke baya a karatun boko, kuma Kano da Jigawa duk suna cikin waɗannan.

Abokan karatunmu ƴan kudu suna cewa yaronsu ya ci maki mai yawa an bar shi an ɗauki mai ƙasa da shi, laifin me ya yi? Wallahi tambaya ce mai nauyi kuma ban taɓa raina ta ba. Amsar da nake bayarwa ita ce ba tare aka fara tseren ba, Legas ta samu sakandare tun 1859, mu kuwa makarantar Ɗan Hausa a Nassarawar Kano sai 1909, Kwalejin Katsina sai 1921, kuma ƙasa irin tamu in ɓangare ɗaya ya cika ofisoshi to zaman lafiyar ma ba za a samu ba. Su kuma sai su ce to har yaushe? Nan kam dole mu sunkuyar da kai, don shekaru sun ja kuma har yau akwai firamaren da yara ke zaune a ƙasa malami ɗaya da aji uku.

Amurka ma ta sha wannan muhawarar. Shugaba Kennedy ne ya sa kalmar "affirmative action", sunan da suke kiran wannan ɗaga ƙafar da shi, a umarnin gwamnati a 1961, a 1978 kotun ƙoli ta hana ware kujeru da lamba amma ta yarda a duba launin fata cikin sauran abubuwa, sai a watan Yunin 2023 ta rufe wannan ƙofar ma a shari'ar jami'ar Harvard.

In dai ana raba wa jihohi ne, ina rabon yayanmu? Shekara huɗu fa!

Wannan tambayar ƙanen nawa ita ce ta fi ci min rai, don amsarta ita ce abin da ya fi damuna da tsarin namu gaba ɗaya. Da jiha ake lissafi, kuma da takardar indijin ake shaida. To yaron da aka haifa a Abuja, ya yi makarantar kuɗi tun daga nazire, bai taɓa kwana a ƙauyen kakansa ba, zai zo sakatariyar ƙaramar hukuma rana ɗaya ya karɓi takardar, ya koma ya cike gurbin Jigawa. A lissafin hukuma an yi adalci, jiha ta samu kasonta, amma da talaucin ɗan ƙauye da rashin makarantarsa aka samo gurbin, mai uwa a gindin murhu ya cinye. Ga kuma sayar da ofa, wato takardar ɗaukar aiki, wanda har kwamitin majalisar wakilai ya zauna bincike a kansa a 2023. Yayanmu an taɓa yi masa tayin ya kawo kuɗin da ko an sayar da gonar gado ba za su kai ba.

Indiya ta yi tunani a kan wannan. Suna ware wa wasu al'ummomin da ke baya kashi 27 na aikin gwamnati, amma a 1992 kotun ƙolinsu ta ce a tsame ƴaƴan masu hali daga cikinsu, kada su riƙa cinye rabon talakawansu. Mu ba mu da irin wannan, kuma ni a ganina shi ne gyaran da ya kamata lauyoyin Arewa su tsaya a kai maimakon kare kwotar ido rufe. Jigawa ƙananan hukumomi 27 gare ta, Kano 44, ya kamata mu riƙa tambayar nawa ne ya kai Maigatari ko Doguwa, a ina kuma wanda ya samu ya yi firamare.

Mata da masu buƙata ta musamman fa?

Dokar ƙwadago ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida tana aikin. Manufar ƙasa kan jinsi ta 2006 ta ce a ba mata kashi 35 na muƙamai, har babbar kotun tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta aiwatar a 2022, amma ki ƙirga da kanki ki gani. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 na guraben aiki ga masu buƙata ta musamman, akwai kuma ta 2014 da ta hana korar mutum ko ƙin ɗaukarsa saboda yana ɗauke da cutar ƙanjamau. Yawancin mutanenmu ba su ma san da su ba balle su nema.

To yanzu me zan fara yi, kuma wanda aka zalunta ina zai dosa?

Ke ki riƙe Turanci da Adabin Turanci da kyau, don ba a shiga karatun lauya sai da kiredit a cikinsu, kuma ki fara karanta babi na huɗu na kundin tsarin mulki tun yanzu, ba shi da tsawo kuma ana samunsa a waya. In kin shiga kada ki tsallake dokar ƙwadago.

Wanda aka zalunta kuwa hujja ce jarinsa, don wariya ba a cika rubuta ta a takarda ba, a baki ake faɗa ko a yi shiru kawai. Ya adana tallar aikin, takardar ɗauka ko ta kora, saƙonnin waya, sunayen waɗanda aka faɗa a gabansu da kwanan wata. Kada ya ɓata lokaci, don wasu ƙararrakin suna da wa'adi. In ba shi da kuɗin lauya akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ba a biyan ko sisi wajen kai ƙorafi, in kuma batun rabon gurabe ne sai Hukumar Raba Daidai, wadda kowace jiha take da kwamishina a cikinta. Yayanmu dai na ce ya tattaro min duk takardun wuraren da ya nema tun daga farko, in na dawo da kaka mu zauna mu duba.