Harajin da ake biya a kan haraji: abin da iyakar dala 40,000 ke nufi ga magidanta a Amurka

Ma'aikaci a birnin Niyok hannu uku ne ke shiga albashinsa kafin kuɗin su iso aljihunsa: na gwamnatin tarayya, na jiha, da na birnin kansa. In kuma ya mallaki gida, ga harajin gida yana jiransa kowace shekara. Takwaransa da ke Teksas ko Fulorida bai san harajin albashi na jiha ba, domin jihohin ba sa karɓa. Wannan bambanci shi ne tushen rigimar da aka shafe shekara takwas ana yi a majalisar dokokin Amurka.

Tun 1913 da aka fara karɓar harajin kuɗin shiga na tarayya, doka ta yarda mutum ya cire abin da ya biya wa jiharsa da ƙaramar hukumarsa daga cikin kuɗin da tarayya za ta yanka masa haraji a kai. Hujjar a fili take: kuɗin da jiha ta riga ta karɓe ba naka ba ne kuma, to me ya sa za a sake caje ka a kansu? A Amurka ana kiran wannan rangwame da SALT. Ya haɗa harajin gida, sannan mutum ya zaɓi ɗaya tsakanin harajin albashi na jiha da harajin sayayya. Sama da shekara ɗari babu wani adadi da aka ce kada a wuce.

A watan Disamba na 2017 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan dokar rage haraji, wadda ta ɗora wa rangwamen iyaka ta dala 10,000 a shekara. Gwauro dala 10,000, miji da mata masu cike takardar haraji ɗaya su ma dala 10,000 ɗin dai, abin da ya sa wasu ke cewa dokar ta ci tarar aure. A jihohi masu sauƙin haraji ba a ji zafin abin sosai ba. Amma a Niyu Jasi, inda harajin gida kaɗai kan kai kusan dala 10,000 a matsakaicin gida, ko a Kalifoniya, inda harajin jiha ke kaiwa kashi 13.3 cikin ɗari ga manyan masu samu, iyakar ta cika tun ba a je ko'ina ba. Jihohin Niyok, Niyu Jasi, Konetikat da Meriland sun garzaya kotu a 2018, suna cewa da gangan aka yi don a ƙuntata wa jihohin da ke zaɓen jam'iyyar Dimokurat. Ba su yi nasara ba, kuma a 2022 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar.

Sai dai a nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Rangwamen ba kuɗi ba ne da ake miƙo maka a hannu. Rage adadin da za a lissafa haraji a kai kawai yake yi. Kuma ba kowa ke amfana da shi ba, saboda duk mai cike takardar haraji hanya biyu ce a gabansa, dole ya ɗauki ɗaya. Ko dai ya karɓi rangwamen bai-ɗaya da doka ta yanke wa kowa, babu tambaya babu rasiɗi, ko kuma ya zauna ya jera abubuwan da ya kashe ɗaya bayan ɗaya: harajin jiha, kuɗin ruwan bashin gida, sadakar da ya ba ƙungiyoyin da aka amince da su. SALT na mai bin hanya ta biyu ne kaɗai. Dokar 2017 ɗin nan ta kusan ninka rangwamen bai-ɗaya, daga dala 12,700 zuwa 24,000 ga ma'aurata, don haka masu jera kashe-kashensu suka ragu daga kusan uku cikin goma zuwa kusan ɗaya cikin goma. Ta kuma sauke kason haraji a yawancin matakai, wato rukunan da ake kasa mutane gwargwadon samunsu, ta ninka tallafin kowane yaro zuwa dala 2,000. Shi ya sa ko a Niyok ɗin, iyalai da dama harajinsu raguwa ya yi, duk da hayaniyar da ake.

Ranar 4 ga Yulin 2025 aka sa hannu a kan sabuwar doka. 'Yan majalisar Rifablikan daga jihohi masu tsadar haraji, irin su Mike Lawler na Niyok, sun kafe cewa ba za su ba da ƙuri'a ba sai an ɗaga iyakar. Aka mai da ita dala 40,000 a 2025, tana ƙaruwa da kashi ɗaya cikin ɗari duk shekara har 2029.

Mu ɗauki misali. A ce miji da mata a Niyu Jasi suna samun dala 200,000 a shekara. Harajin gidansu 14,000, na jiha 9,000, kuɗin ruwan bashin gida 15,000. A 2024, cikin 23,000 da suka biya jiha da ƙaramar hukuma 10,000 kawai za a lissafa musu. A haɗa da 15,000, ya zama 25,000, bai ma kai rangwamen bai-ɗaya na wannan shekarar ba, wato 29,200. Sai su tattara rasiɗansu su mayar cikin durowa. A 2025 kuwa duka 23,000 ɗin sun shiga lissafi, jimla 38,000, alhali rangwamen bai-ɗaya 31,500 ne. Ribar ita ce tazarar da ke tsakani, dala 6,500. Tunda matakinsu na kashi 22 cikin ɗari ne, abin da ya rage musu a aljihu dala 1,430 ne. Kuɗi ne, ba a raina su, amma duk wanda ya ji "dubu arba'in" a rediyo ya fara lissafin sabuwar mota zai sha mamaki.

Shi kuwa ɗan haya, kamar yawancin mazauna Buronkis, wani yanki na birnin Niyok, inda 'yan uwanmu daga Gana da Nijar da Najeriya ke da yawa, wannan sauyi kusan bai taɓa shi ba. Harajin gidan yana cikin kuɗin hayar da yake biya, babu shakka, amma mai gidan ne ke cire shi a takardarsa. Direban tasi ko mai aikin jinya da ke haya, harajin jiharsa da na birni da wuya su zarce rangwamen bai-ɗaya. Abin da ya fi shafarsa a sabuwar dokar shi ne ƙarin da aka yi wa wannan rangwamen, da tallafin yaro da ya koma dala 2,200.

A can sama ma an gindaya shinge. A 2025, wanda samunsa ya haura dala 500,000, iyakarsa tana raguwa da kashi 30 cikin ɗari na kowace dala da ta ɗoru a kai, har ta dawo 10,000 idan ya kai 600,000. A ganina an yi haka ne don a toshe bakin masu cewa rangwamen na attajirai ne, kuma maganarsu ba ƙarya ba ce, domin mai babban gida da babban albashi shi ya fi kowa cin moriyarsa. Sai dai masu kamfanonin haɗin gwiwa, lauyoyi da likitoci da makamantansu, tuni suka sami ƙofar baya: jihohi sama da talatin sun yarda kamfanin ya biya harajin jiha a madadin masu shi, ya shiga cikin kashe-kashen kasuwanci inda iyakar ba ta kaiwa. Hukumar haraji ta IRS ta amince da wannan dabara a 2020, sabuwar dokar kuma ba ta rufe ta ba. Mai albashin wata ba shi da irin wannan ƙofa.

Mai shirin sayen gida a ɗaya daga cikin jihohin nan ya lura da kwanan wata. Bashin gida a Amurka yawanci na shekara 30 ne, ita kuwa iyakar dala 40,000 shekara biyar aka ba ta. Idan majalisa ba ta sake taɓa dokar ba, a 2030 za ta koma dala 10,000.