Mace-macen mata da jarirai wurin haihuwa: bambanci tsakanin yankuna

Mutuwar mace wurin haihuwa, a ma'anar Hukumar Lafiya ta Duniya, ita ce rasuwar mace tana ɗauke da ciki ko cikin kwana 42 bayan ta sauka, matuƙar cikin ko haihuwar ne sanadi. Wato kusan duk kwanakin jego har arba'in suna ciki. Mutuwar jarirai kuma ana nufin wanda bai cika shekara ba. Akwai ma'auni na uku da mutane ba su cika sani ba, shi ne wanda ke haɗa ɗan da ya zo ba rai bayan ciki ya kai wata bakwai da wanda ya koma kafin ranar suna.

A duniya abun ya ragu sosai, daga 2000 zuwa 2023 mutuwar mata ta sauka da kusan kashi 40 cikin ɗari, amma fa raguwar ba ta game ko'ina ba. A 2023 mata wajen 260,000 suka rasu, kusan kashi 70 a Afirka kudu da Sahara, kuma Najeriya ita kaɗai ta ɗauki fiye da kwata na jimillar duniya. Burin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2030 shi ne a koma ƙasa da 70 cikin haihuwa 100,000, mu kuwa ƙiyasin 2023 ya sa mu a 993.

Cikin gida ma ba ɗaya ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin yara 1,000 a Arewa maso Yamma 187 ba sa kai shekara biyar, a Kudu maso Yamma 62. Wani abun damuwa kuma, mutuwar yara 'yan ƙasa da biyar a ƙasar ta sauko daga 132 a 2018 zuwa 110 a binciken 2023-24, amma ta watan farko ba ta motsa ba, 39 ce ta koma 41. Rigakafi da gidan sauro suna ceton yaron da ya ɗan tasa, shi kuwa jinjirin da ya zo bai yi kuka ba ko bakwaini, a wannan mintin yake buƙatar hannun wanda ya san aiki.

To nan ne matsalar Kano take. A 2018 mace ɗaya cikin biyar ce kawai ke haihuwa a asibiti a jahar, da yawa suna zuwa awo amma in naƙuda ta zo sai a zauna a ɗaki, ga kunyar ɗan fari, ga jiran maigida ya dawo ya bada izini, ga neman adaidaita sahu da tsakar dare, kafin a isa asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano jini ya riga ya ƙare. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kisa, sai jijjiga da hawan jini ke kawowa, doguwar naƙuda (ita ke barin yoyon fitsari), da zazzaɓin jego mai zafi. Ungozoma tana da daraja a unguwa, amma ba ta da jinin ƙari, ba ta iya tiyata.

Kuma wallahi yawancin waɗannan mace-macen ana iya tare su. Allurar magnesium sulphate da aka shigar asibitocin jahar tun 2008 ta rage mutuwar masu jijjiga ƙwarai. A 2023 gwajin E-MOTIVE a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa, ya nuna in aka shimfiɗa leda mai ma'auni ana auna jinin da ke zuba, aka bada magungunan tsayar da jini a lokaci ɗaya, mummunar zubar jini da abun da ke biyo ta suna raguwa da kashi 60. Sai dai ledar a ɗakin haihuwa na asibiti take, matan nan da ke haihuwa a gida ba ta kai gare su.