Dokar da ta wanke masu riƙe da gidajen waya a Birtaniya, da abin da ta bari ba ta taɓa ba

Duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin wani ya san wannan faɗuwar gaban, ka rufe shago da daddare ka zauna lissafi, abin da ke cikin durowa daban abin da na'ura ke nunawa daban. Masu POS ɗinmu ba sai an musu dogon bayani ba. To ka ƙaddara na'urar ta ce kuɗi sun yi ƙafa, ka kira kamfanin su ce ai kai kaɗai ne ke wannan kukan, ka cike giɓin daga aljihunka, in ka kasa su maka ka a kotu, kuma su ne masu bincike su ne masu gabatar da ƙara, ga alƙali kuma doka ta ce masa ya ɗauka na'ura gaskiya take faɗa sai in kai ne ka kawo hujjar cewa ta yi kuskure. Wallahi haka aka yi wa mutane a Birtaniya daga 1999 har zuwa 2015, sama da mutum 900 aka gurfanar, kusan 700 daga ciki hukumar gidan waya ce da kanta ta shigar da ƙarar, sama da 200 kuma sun kwana a gidan yari.

Su waɗannan mutanen ba ma'aikatan albashi ba ne yadda muka sani. Mutum ne zai zuba abin da ya tara ya sayi ɗan shago a ƙauye ko unguwa, ya ƙulla yarjejeniya da hukumar gidan waya ya zama wakilinta, tsofaffi su zo karɓar fansho, a biya kuɗin wuta, a aika saƙo. Hukumar kuma mallakar gwamnati ce ɗari bisa ɗari. A 1999 aka kawo musu manhajar lissafi mai suna Horizon ta kamfanin Fujitsu na Japan, daga nan giɓi ya fara bayyana a inda babu giɓi.

Ba wai ba a san maganar ba fa. Tun 2009 mujallar Computer Weekly ta buga labarin, a shekarar ne kuma Alan Bates, wanda aka ƙwace masa reshensa a arewacin Wales a 2003 don ya ƙi sa hannu a lissafin da bai yarda da shi ba, ya tara 'yan uwansa masu riƙe da rassa a wani ɗakin taro na ƙauyen Fenny Compton, nan ne kowa ya gane ashe ba shi kaɗai ba ne. Su 555 suka kai ƙara babbar kotu, a Disambar 2019 mai shari'a Fraser ya yanke cewa manhajar tana da kurakurai, kuma ma'aikatan Fujitsu suna iya shiga lissafin reshe daga nesa su canza abu, abin da hukumar ta daɗe tana musantawa. An sasanta a kan kusan fam miliyan 58, amma wajen miliyan 46 kuɗin shari'a ya cinye, abin da ya rage wa kowa wajen fam 21,000 ne kacal in an raba daidai. A Afrilun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin mutum 39 a rana ɗaya. Duk da haka har ƙarshen 2023 waɗanda aka wanke ba su kai 100 ba.

Sai tashar ITV ta nuna wasan kwaikwayo mai kashi 4, Mr Bates vs The Post Office, daga 1 zuwa 4 ga Janairun 2024. Abin da shekara 15 na rubuce-rubucen jarida bai yi ba, dare huɗu ya yi shi. Mutane suka ga Jo Hamilton, wata mai riƙe da reshe, zaune gaban kwamfuta tana waya da masu ba da taimako, suna gaya mata danna nan danna can, giɓin ya ninka a gaban idonta, aka ce ita za ta biya. Suka ga Lee Castleton da ya ƙi yarda da giɓin kusan fam 25,000, ya tsaya kotu ba lauya, aka ɗora masa kuɗin shari'a fam 321,000 ya karye ƙurmus. Masu kallo ba su tsaya a tausayi ba, fushi suka yi, sama da mutum miliyan 1 suka sa hannu a takardar neman a ƙwace lambar girmamawa ta CBE daga Paula Vennells wadda ta shugabanci hukumar daga 2012 zuwa 2019, ran 9 ga wata ta ce ta mayar. Wasu da suka yi shekaru suna ɓoye abin da ya same su saboda kunya suka fara kiran lauyoyi. Washegari 10 ga Janairu firaminista Rishi Sunak ya miƙe a majalisa ya ce za a yi doka. Ni abin da ke ci mini rai a nan shi ne, ba wata sabuwar hujja wasan ya kawo ba, duk abin da ke ciki yana cikin hukuncin kotu tun 2019, masu mulki sun sani, kawai dai jama'a ne ba su gani da idonsu ba sai lokacin.

To me dokar ta ce. An gabatar da ita a Maris 2024, ta samu amincewar sarki ran 24 ga Mayu, a gurguje ma aka ƙarasa ta don an riga an sa ranar zaɓe majalisa za ta watse. Gundarin ta gajere ne ƙwarai: duk hukuncin da ya cika sharuɗɗan da ta lissafa ya rushe daga ranar da ta fara aiki. Ba sai ka ɗauki lauya ba, ba sai ka ɗaukaka ƙara ba, ba sai ka sake tsayawa gaban alƙali ba, wanda ya mutu ma an wanke shi. Aikin gwamnati ne ta nemo mutanen ta rubuta musu, ta sa a goge sunansu daga kundin masu laifi, har da waɗanda ba a kai kotu ba gargaɗi kawai aka rubuta musu.

Sharuɗɗan kuwa, dole ya zama hukumar gidan waya ce ta gurfanar da kai ko ofishin masu gabatar da ƙara na gwamnati. Laifin da aka ce ka yi ya faɗo tsakanin 23 ga Satumba 1996 da 31 ga Disamba 2018, an koma har 1996 ne don a haɗa da rassan da aka fara gwajin manhajar a cikinsu. Laifin ya zama irin su sata, zamba, lissafin ƙarya, karɓar kayan sata ko halatta kuɗin haram. Kana riƙe da reshen ko kana aiki a ciki a lokacin, kenan har yaran shago da matar mai shago da ke taya shi sun shiga, laifin ya shafi aikin gidan wayar, kuma ana amfani da Horizon a wannan reshen a lokacin. Shi kenan. Ka lura ba a ce sai ka nuna manhajar ce ta jawo giɓinka ba, kuma ba a ce sai wanda ya musanta laifin ba. Wannan na biyun yana da nauyi sosai, domin da yawansu amsa laifi suka yi alhali ba su yi ba, ana ce wa mutum ka amsa lissafin ƙarya mu janye tuhumar sata ka tsira daga gidan yari, ka biya kuɗin, kuma kar ka kuskura ka ambaci manhajar. Haka Jo Hamilton ta amsa a kan fam 36,000, aka yanke mata hukunci a 2008. Wanda ya amsa da bakinsa, ɗaukaka ƙara tana masa wuya ƙwarai, shi ya sa da yawa ko gwadawa ba su yi ba.

Dokar ta shafi Ingila da Wales da Ireland ta Arewa. Scotland tsarin shari'arta daban ne, majalisarta ta yi tata a Yunin 2024.

Kuɗin diyya ba a cikin wannan dokar yake ba, shiri ne daban da ya biyo bayanta. Wanda aka wanke zai iya karɓar fam 600,000 a rufe maganar, ko ya ce a'a asarata ta fi haka a zauna a lissafa, a ba shi wani kaso ya riƙe kafin a gama. Gwamnati ta ce sai mutum ya sa hannu cewa bai aikata laifin ba, in daga baya aka gano ƙarya ya yi to zamba ce.

Akwai waɗanda aka bari a waje, kuma a nan ne raina bai kwanta ba. Duk wanda ya riga ya kai ƙararsa kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi wanke shi, dokar ba ta shafe shi ba, mutum 13 ne a wannan halin. Dalilin gwamnati shi ne ba ta son majalisa ta taka hukuncin manyan alƙalai. Amma ka duba fa, wanda ya yi ƙarfin hali ya je kotu da wuri shi ya rasa, wanda ya zauna gida shi aka wanke, alhali da bai je ba da yau yana cikin masu fam 600,000. An kuma cire waɗanda ma'aikatar fansho ce ta gurfanar da su, an cire waɗanda suka yi amfani da wata tsohuwar manhaja mai suna Capture kafin zuwan Horizon, su sai sun bi ta hukumar da ke sake duba hukunce-hukunce.

Lauyoyi da yawa ba su ji daɗin dokar ba tun farko, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Soke hukunci aikin kotu ne, in majalisa ta saba yin haka gobe wata gwamnati za ta iya wanke 'yan gaban goshinta. Sannan ita kanta gwamnati ta yarda cewa cikin ɗaruruwan nan za a iya samun wanda da gaske ya ɗebi kuɗi. Ni dai ina ganin an yi daidai. Ƙasa da mutum 100 aka wanke a shekara huɗu, in aka ci gaba a haka da yawansu ƙasa za ta rufe musu ido da sunan ɓarayi, takardun shari'o'in ma da yawa an lalata su, kuma wanda kotu ta taɓa cutar da shi ba za ka ga laifinsa ba in ya ce ba zai sake taka ƙofarta ba.

Abin da dokar ba ta taɓa ba shi ne tushen. A da, sashe na 69 na dokar hujjojin manyan laifuka ta 1984 ya ce wanda ya kawo bayanin kwamfuta a matsayin hujja shi zai nuna cewa kwamfutar tana aiki daidai. Hukumar gyaran dokoki ta ba da shawara a 1997 a cire shi, ita kanta hukumar gidan waya tana cikin masu goyon bayan a cire, majalisa ta soke shi a 1999, shekarar da Horizon ta shigo. Daga nan kotu ta koma ɗaukar cewa na'ura lafiyarta ƙalau sai in wanda ake tuhuma ya nuna akasin haka. To ta yaya mai shagon ƙauye zai nuna kuskure a cikin manhajar da ko ganin cikinta bai taɓa yi ba, kuma bayanan suna hannun wanda ke tuhumarsa? Sai a Janairun 2025 ma'aikatar shari'a ta buɗe ƙofar jin ra'ayi a kan wannan ƙa'idar. Haka ma damar da sashe na 6 na dokar gabatar da ƙara ta 1985 ya bari, cewa kamfani ko mutum zai iya gurfanar da wani da kansa, dokar 2024 ba ta rufe ta ba, hukumar gidan wayar ce dai ta daina amfani da ita.

Mu a Najeriya muna da abin da su suka jefar. Sashe na 84 na dokar hujjoji ta 2011 ya ce wanda ya kawo takardar da kwamfuta ta fitar sai ya nuna na'urar tana aiki daidai a lokacin, ya haɗa da takardar shaida daga wanda ke kula da ita, kotun ƙoli ma ta jaddada haka a shari'ar Kubor da Dickson. Abu ne mai kyau, in an taɓa ɗora maka giɓi ka sa lauyanka ya nemi wannan takardar. Amma kar ya tsaya nan, domin mai sa hannu a takardar sau da yawa ɗan gidan masu tuhumar ne, a Birtaniya ma injiniyan Fujitsu ya sha ba kotu shaida cewa manhajar garau take. Abin da ya fasa ƙwai a 2019 shi ne da kotu ta tilasta aka fito da kundin da kamfanin ke rubuta kurakuran da ya sani. Shi za a nema.

Seema Misra, ita ma mai riƙe da reshe, tana da ciki wata biyu aka yanke mata wata 15 a 2010 a kan kusan fam 74,000, ranar da ɗanta ya cika shekara 10 aka tafi da ita. Kwanaki kaɗan kafin a fara shari'arta, lauyoyin hukumar sun samu rahoton wani kuskure a manhajar da ke ɓata lissafin rassa, ba su miƙa wa lauyoyinta ba. Sai a 2021 aka wanke ta. A Yulin 2025 Sir Wyn Williams, tsohon alƙalin da ya jagoranci binciken da gwamnati ta kafa a kan lamarin, ya fitar da kashin farko na rahotonsa, ya ce akwai yiwuwar aƙalla mutum 13 sun kashe kansu saboda wannan abin, wasu 59 kuma sun ce sun yi tunanin yin haka.