Tako da takeriya

Tako abinci ne na mutanen ƙasar Meksiko. Faifan gurasar masara ne ko na alkama, wanda ake kira tortiya, a ɗora masa nama ko wake ko kifi, a ninke, a ci da hannu. Shagon da ake sayar da shi sunansa takeriya, mai sana'ar kuma takero. Tortiyar takon bakin titi ba ta cika wuce tafin hannu ba, don haka ba a sayen guda ɗaya. Mutum kan fara da uku ko huɗu, in bai ƙoshi ba ya ce a ƙaro. Abinci ne na leburori da masu tafiyar dare kafin ya zama na kowa. A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta sanya girkin gargajiyar Meksiko cikin jerin al'adun gado na duniya, inda ta ɗauki girkin jihar Michoacán a matsayin misali.

Masara da tortiya

Tarihin tako yana bayan na tortiya, tarihin tortiya kuma yana bayan na masara. Masana tsirrai sun nuna cewa an fara noman masara kimanin shekara 9,000 da suka wuce a kwarin kogin Balsas, kudancin Meksiko, daga wata ciyawar daji mai suna teosinte. Daga can ta bazu cikin nahiyar, kuma sai bayan zuwan Turawa a ƙarshen ƙarni na 15 ta ƙetara teku ta iso Turai da Afirka.

Abin da ya bambanta masarar Meksiko da ta sauran duniya shi ne yadda ake sarrafa ta. A ƙasar Hausa surfe ake yi a turmi don a raba ƙwaya da dusa. Can kuwa dafa ƙwayar ake yi cikin ruwan toka ko ruwan ƙonannen farin dutse, a sauke, a bar ta ta kwana a ciki, da safe a wanke ta sosai har ɓawon ya saɓule. Wannan masarar ita ake kira nixtamal, daga kalmomin harshen Nahuatl biyu masu nufin toka da ƙulli. Ana hasashen an san dabarar tun kusan shekara 1500 zuwa 1200 kafin haihuwar Annabi Isa, bisa kayan girkin da aka tono a gaɓar tekun Guatemala. Amfaninta biyu ne. Ƙullin yana yin danƙo ya kama jikinsa, har a iya faɗaɗa shi siriri bai yage ba. Na biyu, wanda ya fi girma, dafawar tana sakin sinadarin niyasin, wato bitamin B3, wanda jiki ba ya iya cirowa sosai daga masarar da ba a yi wa haka ba. Turawa sun ɗauki irin masara sun bar dabarar a baya. Sakamakon haka cutar felagra, mai lalata fata da kawo gudawa da ruɗewar hankali, ta addabi talakawan arewacin Sifaniya da arewacin Italiya a ƙarni na 18 da na 19, da na jihohin kudancin ƙasar Amurka a farkon ƙarni na 20.

Aikin tortiya na mata ne tun asali, kuma aiki ne mai cin rai. Mace kan durƙusa gaban dutsen niƙa, wanda suke kira metate, sa'o'i da yawa kowace rana, ta niƙa, ta cura, ta yi ta tafa ƙullin tsakanin hannuwanta har ya zama faifai, sannan ta gasa a kan komal, wani shimfiɗaɗɗen kasko na yumɓu. Tortiya ba ta son kwana, gobe sai an sake. Injinan niƙa sun fara yaɗuwa a birane tun ƙarshen ƙarni na 19, suka kai ƙauyuka a shekarun 1920 zuwa 1940. A 1947 Fausto Celorio ya fito da injin yin tortiya, a 1949 kuma aka kafa kamfanin da ke yin garin Maseca, busasshen garin nixtamal da ake kwaɓawa da ruwa kawai. Sauƙin da wannan ya kawo wa mata ba ƙarami ba ne, ko da yake wanda ya saba da tortiyar sabon ƙulli yana gane bambancin tun daga ƙanshi. Matsayinta a rayuwar talaka ya fito fili a watan Janairun 2007, lokacin da farashinta ya yi tashin gwauron zabo, dubban mutane suka fita zanga-zanga a Birnin Meksiko.

Asalin sunan

Cin abinci a naɗe cikin tortiya ya daɗe ƙwarai, amma sunan tako sabo ne. Aztek, masu harshen Nahuatl da suka mulki tsakiyar Meksiko kafin zuwan Turawa, suna kiran tortiya tlaxcalli. A Sifaniyanci taco na nufin toshi ko ɗan guntun abin da ake cusawa a rami. Masanin tarihi Jeffrey Pilcher ya kawo ra'ayin cewa sunan ya fito daga mahaƙan azurfa na ƙarni na 18, waɗanda ke naɗe albarushi cikin takarda su cusa a jikin dutse don fasa shi, suna kiran ƙunshin tako. Ya kafa hujja da cewa ɗaya daga cikin tsofaffin nau'o'in da aka rubuta shi ne "takon mahaƙi". Wasu na danganta kalmar da tlahco ta Nahuatl, mai nufin rabi ko tsakiya. Kalmar da ma'anarta ta abinci ta shiga ƙamus na Feliz Ramos i Duarte a 1895. Akan ce liyafar da Hernán Cortés, jagoran Sifaniyawan da suka ci Meksiko da yaƙi, ya yi wa dakarunsa a Coyoacán a 1521 ita ce walimar tako ta farko, sai dai marubucin da ya ba da labarinta bai ambaci kalmar ba.

Takeriya a matsayin sana'a ta bunƙasa a Birnin Meksiko daga ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da mutanen karkara suka yi ta kwararowa neman aiki a masana'antu. Juyin juya halin 1910 ya ƙara turo jama'a. Kowa ya zo da girkin garinsu, mata da yawa suka kafa murhu a ƙofar gida suna sayar wa ma'aikata. Wannan ne dalilin da ya sa a unguwa guda ta babban birnin ake iya samun takon jihohi biyar ko shida.

Nau'o'i

Al pastor shi ne ya fi shahara a babban birnin, kuma asalinsa daga Gabas ta Tsakiya ne. Baƙi daga Labanan da Siriya da Iraƙi, yawancinsu Kiristoci, sun sauka a Meksiko daga ƙarshen ƙarni na 19, suka zo da gashin shawarma a tsaye, irin wanda yanzu ake gani a titunan Kano da Kaduna. A garin Puebla, wajen shekarun 1930, aka fara sayar da shi cikin gurasar alkama da sunan takon Larabawa. Daga baya naman alade ya maye gurbin na rago, aka jiƙa shi da jan barkono da 'ya'yan achiote masu ba shi launin ja, gurasa kuma ta koma ƙaramar tortiyar masara. An fi sa wannan sauyi a shekarun 1960 a Birnin Meksiko. Shaguna fiye da ɗaya, ciki har da El Tizoncito, na cewa su suka ƙirƙiro shi.

Tarin naman da ke juyawa gaban wuta ana kiransa trompo, sunan abin wasan yara mai katantanwa, saboda faɗinsa a sama da tsukewarsa a ƙasa. A ƙololuwarsa akwai abarba feraya. Takero yana riƙe tortiya a hannun hagu, ya sa doguwar wuƙa ya shafto gefen da ya gasu, naman ya faɗo kai tsaye cikin tortiyar. Sannan ya kai wuƙar sama ya fizgi ɗan yankin abarba, ya tare shi a iska. Duka wannan ba ya ɗaukar fiye da 'yan daƙiƙu, kuma gwani yakan yi shi idonsa na kan mai saye na gaba.

Barbakowa ta jihar Hidalgo naman tunkiya ce da ake naɗewa cikin ganyen maguey, wani tsiro mai manyan ganye masu kauri, a saka a rami mai garwashi, a rufe, ta kwana. A ƙarƙashin naman akwai tukunya mai tarar romon da ke ɗiga, ana sha kafin a ci. Abincin safiyar Asabar da Lahadi ne. Birriya ta jihar Jalisco farfesun akuya ne mai kayan yaji. A Tijuana da naman sa ake yi, kuma wannan samfurin, haɗe da cuku da kofin romo na tsomawa, shi ne ya mamaye Instagram wajen 2019. Karnitas na Michoacán naman alade ne da ake dafawa a hankali cikin kitsensa a babbar tukunyar tagulla. Suadero naman sa ne. A arewa, musamman Sonora, inda ake noman alkama da kiwon shanu, gasasshen naman sa ake ɗorawa a tortiyar alkama. Ensenada da San Felipe a Baja California sun yi suna da takon soyayyen kifi da kabeji. A Oaxaca har da soyayyar fara ake yi, da gishiri da barkono da lemun tsami, kusan yadda ake sayar da ita a Maiduguri ko Maraɗi.

Takon kwando shi ne mafi araha. Tun da asuba ake haɗa shi, da dankali ko wake ko fatar alade. A shimfiɗa leda mai launin shuɗi da takarda cikin babban kwando, a jera takon sahu-sahu da albasa a tsakani, a kwarara tafasasshen mai mai barkono, a rufe da zane. Tururin da ke ciki yana tausasa shi ya riƙe zafi har rana ta take. Mai talla yana ɗaure kwandon a bayan keke, da kwalaben miyar yaji a gefe. Ƙauyen San Vicente Xiloxochitla a jihar Tlaxcala ya shahara da wannan sana'a.

Musulmin da ya je can yana bukatar tambaya, domin ban da nau'o'in da aka ambata na alade, ana yawan sa man alade a tortiyar alkama da cikin wake, kuma a kasko ɗaya akan soya nama iri-iri.

Yadda ake ci a takeriya

Yawancin takeriyoyin unguwa ba su da kujeru da yawa, a tsaye ake ci. Takero kan tambaya "¿con todo?", wato a sa komai, yana nufin yankakkiyar albasa da ganyen koriyanda. Sau da yawa tortiya biyu ake haɗawa, don kada ta farko ta jiƙe ta yage. Farantin roba ne da aka sa wa leda, in an gama a cire ledar a sa sabuwa. A kan kanta akwai lemun tsami da miyar yaji kala biyu, ja da koriya; launin ba ya nuna wadda ta fi zafi, sai an ɗanɗana. Ana riƙe tako da yatsu uku, a karkata kai, a sunkuya gaba don kada romo ya ɓata riga. Kuɗi sai an gama ake biya, kuma a wurare da yawa mai ci ne ke faɗin guda nawa ya ci, a karɓi maganarsa. Wanda ya gama zai tafi kan ce wa na kusa da shi "provecho", wato a ci lafiya, ko bai san shi ba.

Kowane nau'i da lokacinsa: kwando da barbakowa da safe, takon miyar gida da rana, al pastor da suadero da dare. A watan Mayun 2024 jagorar Michelin, mai tantance gidajen abinci na duniya, ta ba takeriyar El Califa de León tauraro guda na yabo. Ɗan ƙaramin shago ne a unguwar San Rafael ta Birnin Meksiko, yana aiki tun 1968, nau'i huɗu kacal yake sayarwa.

A Amurka

Tako ya shiga Amurka tare da 'yan ci-rani na Meksiko a farkon ƙarni na 20. Soyayyar tortiya mai ƙaras-ƙaras wadda aka lanƙwasa tun kafin a cika ta ita ta kai shi ga sauran jama'a. Juvencio Maldonado ya sami rajistar na'urar soya ta a New York a 1950, Glen Bell kuma ya buɗe shagon tako na Taco Bell na farko a Downey, Kalifoniya, a 1962, bayan ya ga yadda ake yi a Mitla Cafe da ke San Bernardino. A 1974 Raul Martinez ya mayar da motar sayar da askirim ta zama motar tako a gabashin Los Angeles, mafarin shagunan King Taco. Motar Kogi ta Roy Choi ta fito a 2008 da naman gashin Koriya, tana sanar da inda za ta tsaya ta Twitter. Masu sayarwa a bakin titi sun daɗe suna fama da tara da ƙwace kaya kafin Kalifoniya ta halatta sana'ar da dokar 2018. Biranen Austin da San Antonio na jayayya kan wanda ya fi cancanta da takon karin kumallo.

Bukukuwa

Bikin tako sabon abu ne idan aka kwatanta da takeriya. A Meksiko ana Ranar Tako a 31 ga Maris, wadda ta samo asali daga wani kamfen na gidan talabijin na Televisa a 2007. San Vicente Xiloxochitla na yin bikin takon kwando a watan Disamba. A biranen Amurka akan tara takeriyoyi da dama a fili ɗaya, mutum ya sayi tikiti ya bi rumfa-rumfa yana ɗanɗanawa, alƙalai su zaɓi gwani. Amfaninsa shi ne a wuni guda a ga nau'o'in da sai an zaga unguwanni da yawa, amma tortiyar da ta jira a layi ba ta kai wadda aka ɗauko daga komal yanzu. Kalmar talla ta "Taco Tuesday", wato Talatar Tako, ta kasance mallakin kamfanin Taco John's a kusan duk jihohin Amurka daga 1989 har ya sake ta a Yulin 2023.

A Norway da Sweden iyalai da yawa na cin tako a gida daren Juma'a.