Waiwaye: Shin ɓarayin fim ɗin The Italian Job sun tsira da zinarensu?

Tun 1969 ake wannan musu, kuma har yau idan masoya tsofaffin finafinan barkwanci na Ingila suka haɗu, da wuya a watse ba a taɓo shi ba. Peter Collinson ne ya ba da umarnin fim ɗin, Michael Caine kuma ya fito a matsayin Charlie Croker, wanda fitowarsa daga kurkuku ke da wuya ya tara gungun ɓarayi suka nufi birnin Turin na Italiya don sace zinaren dala miliyan 4. Suka rikita kwamfutar da ke sarrafa fitilun hanya, gari ya cushe, su kuma suka sulale da kayan a ƙananan motoci uku ƙirar Mini, ja da fara da shuɗiya.

Ƙarshen fim ɗin ne tushen gardamar. Sun juye zinaren cikin doguwar bas, suna hawan tsaunukan Alps suna shewa, sai motar ta ƙwace wa direba a wata kwana. Rabinta na baya ya leƙa wani ƙaton rami, tana reto kamar ma'auni: zinare a can ƙarshen kan rami, mutane a gaba sun cure wuri guda. Croker ya kwanta rub-da-ciki yana rarrafe, yana miƙa hannu, amma duk motsin da ya yi sai sandunan zinaren su ƙara zamewa. Ya juyo ya ce wa yaransa su dakata, wata babbar dabara ta zo masa. Nan aka rufe fim.

Wasu suka dage cewa sun kuɓutar da dukiyar, wasu suka ce ai duk rami suka faɗa. Furodusan fim ɗin, Michael Deeley, shi ya kawo wannan ƙarshe, don a bar ƙofa a buɗe ko za a yi kashi na biyu. Ba a yi shi ba. Wanda Amurkawa suka sake yi a 2003 labarinsa daban ne, bai amsa komai ba.

Bayan shekaru da yawa Caine ya faɗi abin da aka so yi. Za a kunna injin a bar shi har man da ke tankin baya ya ƙone, motar ta daidaita, mutane su fita da ransu, zinaren kuma ya gangara ƙasa, inda 'yan Mafiya, wato gungun manyan masu aikata laifuka, ke jira su kwashe. Kashi na biyu zai zama farautar ƙwato shi.

A 2008 ƙungiyar masana sinadarai ta Birtaniya, Royal Society of Chemistry, ta sa gasa: a ceto zinaren cikin minti 30, ba tare da jirgi mai saukar ungulu ba, kuma da lissafi. A farkon 2009 aka bayyana cewa wani mutumin yankin Surrey na Ingila ne ya ci. Ya ce a fasa tagogin ɓangaren rami gilashin ya zuba waje, a fasa na gaba ya zuba ciki don kada a rasa nauyinsa. Sai a riƙe mutum ɗaya ta ƙafa a zura shi ta taga ya sace iskar tayoyin gaba, motar ta zauna daram. Daga nan a tsiyaye man tanki, wani ya fita ya riƙa loda duwatsu a gaba har a iya jawo zinaren.

Abin da ya fi burge ni shi ne, amsoshin biyu duk sun haɗu a kan tankin mai. Amma idan tambayar ita ce me masu fim suka nufa, maganar Caine nake riƙewa, domin da shi aka yi aikin. Wanda ya ci gasar ya nuna abin da zai yiwu ne kawai. A shirin masu fim, Croker da yaransa sun sha da ƙyar, zinaren kuma ya tafi hannun Mafiya.