Harami Bai Tsaya A Bangon Masallacin Ka'aba Ba

A wajen bitar maniyyata a sansanin alhazai na Mando da ke Kaduna, da an ce Harami, yawancin mutane masallacin da ya kewaye Ka'aba kawai suke nufi. Suna ganin da zarar mutum ya fito ƙofa ya sa takalmi, ya bar wuri mai alfarma. Wannan kuskure ne da ya daɗe a bakin jama'a.

Haramin Makka yanki ne mai faɗi, da iyakokinsa sanannu. Ta arewa yana kaiwa Tan'im, kimanin kilomita 7 daga Ka'aba, inda Masallacin A'isha yake. Shi ya sa wanda ke cikin Makka, in zai yi umara, sai ya fita can ya ɗauro harama. Mina da Muzdalifa duk suna cikin Harami. Arfa kuwa, duk da girman ranarta, tana waje.

Abin da ya sa iyakar ke da muhimmanci shi ne aminci. Alƙur'ani ya ce wanda ya shige shi ya aminta. A shekara ta 8 bayan Hijira, lokacin buɗe Makka, Annabi (SAW) ya bayyana cewa ba a sare ƙayarsa, ba a firgita abin farautarsa, ba a ɗaukar tsintuwarsa sai don cigiya. Ke nan tattabarar da ke tsintar hatsi a gaban masaukinka, Alhaji, tana da hurumi, bare ɗan'uwanka da kuke turereniya wajen shiga mota.

Ko ninkin ladan salla ya game yankin duka, nan malamai sun yi saɓani.