Faramita masu dogaro da juna a rahotannin rumbun bayanai

Faramita masu dogaro da juna tsari ne da ake amfani da shi a rahotannin rumbun bayanai, inda abin da mutum ya zaɓa a akwatin farko yake ƙayyade abin da akwati na biyu zai nuna masa; kowane akwatin zaɓi irin wannan shi ake kira faramita. An fi sanin tsarin a SQL Server Reporting Services, manhajar rahoto da Microsoft ya fitar a 2004, kuma yana nan a rahotanni masu shafuka na Power BI. Amfaninsa shi ne rage tsawon jeri da hana haɗa zaɓin da ba ya haɗuwa. Rahoto kan ƙananan hukumomin Najeriya, alal misali, ba zai zubo wa mai dubawa sunaye 774 gaba ɗaya ba. In ya zaɓi Kano sai ya ga 44, in Katsina ce ya ga 34.

Kowane faramita yana bukatar tasa tambayar ta SQL, harshen da ake neman bayanai da shi daga rumbun. Ta farko tana kawo jihohi ba tare da sharaɗi ba. Ta biyu tana ɗauke da sharaɗi kamar WHERE LambarJiha = @Jiha, sannan a ɗaura ta a matsayin tushen zaɓuɓɓukan faramita na biyu. Babbar tambayar rahoton ita ke amfani da su duka. Jerin faramitocin ma yana da muhimmanci: dole uwa, wato faramitan da ake dogaro da shi, ta zo kafin 'yarta, in ba haka ba manhajar za ta ƙi, ta ce ba a dogaro da abin da ke gaba. Haka kuma @Jiha daban, @jiha daban, don ana bambance manyan haruffa da ƙanana a sunan faramita.

Kowane zaɓi yana da fuska biyu, lakabin da ido ke gani da ƙimar da ake aikawa rumbun. Nan ne yawancin masu farawa ke tuntuɓe, su sa suna a duka biyun. Akwai Bassa a Kogi, akwai Bassa a Filato. Akwai Obi a Binuwai, akwai wata a Nasarawa. In suna ne ƙimar, kuma babbar tambayar ba ta tace da jiha ba, bayanan wurare biyu za su cakuɗe a rahoto ɗaya ba tare da wani saƙon kuskure ba. Lambar da ba ta maimaituwa ita ta dace da ƙima, sunan ya tsaya a lakabi.

Matsalar da ta fi ci wa masu gina rahoto tuwo a ƙwarya ita ce zaɓin da ya ƙi sabuntuwa. In aka canja uwa, jerin 'yar yakan canja, amma abin da aka riga aka zaɓa yakan zauna matuƙar yana cikin sabon jerin. Wanda ya fara da Kano, duk ƙananan hukumominta a zaɓe, sai ya ƙara Jigawa, zai tarar na Jigawa sun bayyana amma ba a zaɓe su ba. Rahoton zai fito da gibi, kuma ba kowa zai lura ba. Akwai saitin da ke cewa a riƙa sabuntawa kullum, sai dai sau da yawa ba ya warware wannan. Dabarar da aka saba ita ce a sa ƙimomin 'yar su canja duk lokacin da uwa ta canja, misali a liƙa musu zaɓin uwar, sannan a yanke shi a babbar tambaya.

In an ba da damar zaɓar jihohi da yawa, sharaɗin yakan koma IN (@Jiha). Ajiyayyen umarni a rumbun (stored procedure) kuwa yana karɓar zaɓin ne a matsayin rubutu ɗaya mai waƙafi, don haka sai an tsattsage shi da STRING_SPLIT, wanda ya zo da SQL Server 2016. Faramita mai karɓar zaɓi da yawa ba ya karɓar NULL, wato rashin ƙima.

Ba a iya ɓoye faramita ko kashe shi bisa zaɓin wani, don saitin ɓoyewa ba ya karɓar sharaɗi. Abin da ake yi shi ne tambayar ta dawo da layi ɗaya mai cewa "Bai shafa ba", a kuma mai da shi zaɓin asali. Kowane canji a uwa yana sake gudanar da tambayoyin da ke ƙarƙashinta, shi ya sa ake ciro jerin daga ƙaramin teburin sunaye mai fihirisa, ba da DISTINCT, umarnin cire maimaici, a kan teburin ciniki mai miliyoyin layuka ba.